Tulun Irin Geron Iya

Kwanan baya a layin famfo na ji bakina ya ce "a zamaninmu", sai matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ke kuma yaushe kika yi zamani? Jiya-jiya fa kika tuɓe kayan makaranta." Na taya su dariyar, amma da na ɗora jarkata a ka na kama hanyar gida sai maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiyarsu ce, ban tsufa ba, ko silin furfura babu a kaina. Sai dai garin da na yi ƙuruciya a cikinsa ya tafi. Ba ƙaura muka yi ba, yana nan inda yake tsakanin Gumel da Gagarawa, masallacin nan ne, maƙabartar nan ce, amma ba shi ba ne. Abin da a da sai mutum ya ga jikokinsa kafin ya ce ya ɓace masa, ni ya ɓace mini tun ban yi ɗan fari ba. Shi ya sa na zauna nake rubutawa, ko Allah zai sa in daina firgita idan na ji cida, wato rugugin hadari.

Abin da na fi tunawa ƙara ce. Idan damina ta kankama, tafkin da ke gangaren gari yakan cika har ya taɓa gindin kanya, kwaɗi su yi ta kuka har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Da hantsi luguden mata ke amsa juna daga gida zuwa gida, a jefa taɓarya sama, a tafa, a cafe. Shamuwa kuwa sukan cika tsamiyar ƙofar masallaci suna ƙwanƙwasa baki, kashinsu ya yi wa ƙasa fari fat, kuma babu wanda ya isa ya jefe su, domin su ke gaya mana ruwa ya kusa. Aikinmu mu 'yan mata shi ne ɗebo ruwa a rijiya, da tsinko tafasa da yaɗiya a bayan gari, da korar awaki daga shanya. Igiyar guganmu a lokacin a hannu ɗaya nake naɗe ta. Yau tana rataye a zaure da ƙulli har huɗu a jikinta, kowane ƙulli shekarar da ruwa ya ƙara nisa ne aka ƙara mata tsawo, har rijiyar ta ƙafe aka haƙura da ita. Tafkin ma da ya jera shekaru ba ya riƙe ruwa, sai mutane suka bi shi da gini. Mu ma da gida ya yi mana kaɗan, Baba ya ja katanga ta gangaren, ya yi wa kakata ɗaki a can ƙasa, wai ya fi sanyi.

Kakar tawa mahaifiyar Baba ce, Iya muke ce mata. Sunanta aka sa mini, don haka ita Takwara take kirana, Baba kuwa da ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa sai ya ce Uwata. A gidanmu maza ke noma, amma iri na Iya ne. Wani gero gare ta mai gashi-gashi a jikin zangarniya, wanda tsuntsu ba ya son sauka a kansa, furarsa kuma tana da wani ƙanshi da ban taɓa ji a ta kowa ba. Mahaifiyarta ce ta zo da shi daga ƙasar Damagaram, ƙulle a bakin zane. Da girbi, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Iya takan shiga gona da kwando, ni ina biye, tana ɗaga zangarniya tana juyawa kamar mai sayen atamfa. Wadda ta yi mata ta jefa kwando, wadda ba ta yi ba ta ce, "Ke tuwo ne rabonki." Wannan geron ba a kai shi turmi. Da hannu muke murje shi a kan faifai, ta gauraya shi da toka, sannan ta raba shi uku. Kashi na farko na binne ne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan fari ya tarar da iri yana jiransa. Na biyu sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Na uku kuwa a tulu take zuba shi, ta rufe bakin da sakaina, ta liƙe da laka, ta tona rami a ƙarƙashin gadonta ta binne, ta daɓe wurin. Sai wata kakar ta zagayo sabo ya samu, sannan a fito da tsohon a maye gurbinsa.

Na taɓa tambayarta me ya sa sai a ƙasa. Ta ce, "A jinka gobara ta ci, a rumbu ɓera ya ci, a randa mai jin yunwa ya ci. Ƙasa kuwa sanyi gare ta, kuma ba ta da baki." Ta ba ni labarin wata yunwa da aka yi tana budurwa, har mutane suka riƙa tona gidan tururuwa suna neman ƙwaya, amma mahaifiyarta ta kwanta a kan ramin nan ta ce sai dai a tona ta gawarta. Duk dabarar da aka gada a gidanmu ta gudun fari ce. Babu wanda ya taɓa koya mana gudun ruwa, don ruwa shi muke roƙo.

Ranar shuka ita ce sallar ƙuruciyata. Baba a gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya sara ɗaya, ni da Iya a baya da ƙoƙo, a ɗebi iri da yatsu uku, a jefa, a rufe da diddige. Ƙasa tana ƙanshi, gawo ya zubar da ganye ya tsaya tsirara a tsakiyar gona, iska tana tahowa daga yamma da ɗan sanyi-sanyi. Baba ba ya tambayar kowa ranar da zai shuka. Ya dubi tsamiya ya ga shamuwa sun fara ɗaukar kara, ya ji inda iska ta juya, ya tona ƙasa da yatsa ya ga inda laima ta tsaya, shi ke nan. Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba sai da na girma.

A makarantar sakandare na fara jin sunan abin da ke damunmu. Malaminmu ya zana duniya a allo, ya zagaye ta da alli, ya ce hayaƙin masana'antu da na motoci da na man da ake ƙonawa a manyan ƙasashe shi ne ya taru a sama ya zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita. Ya ce shi ya sa damina ta rikice, wani wuri fari, wani wuri ambaliya, wani wurin ma duka biyun a shekara ɗaya. Sauyin yanayi, in ji shi. Ya ce mu ma muna ƙarawa da saran itace. Da na zo hutu na kwashe duka na gaya wa Iya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Takwara, mu da ko babur ba mu da shi, hayaƙin wa aka rubuta mana? Na murhuna?" Na ce har da shi. Ta ce, "Madalla. Gobe sai ki dafa mana tuwo da takardar jarrabawa." Na ji haushi a lokacin, amma har yau ban sami amsar da zan ba ta ba. Na san dai da idona na ga motocin itace da buhunan gawayi suna fita daga dajinmu suna nufar birni, har jigawar da ke saman gari ta koma kamar kan da aka aske. Na san ni ma na riƙe gatari na haƙo saiwar sabara da kalgo, don babu abin da za a hura. Ba zan ce hannuna wanke yake ba. Amma wanda ya haƙo saiwa don ya dafa abin da zai ci, da wanda hayaƙinsa ya rufe sama, a ce hukuncinsu ɗaya, har ma na farkon ya fi shan wuya, wannan shi ne abin da ke cin raina.

Bara abin ya iso har ƙarƙashin gadon Iya. Bazarar ta yi zafin da kaji suka riƙa faɗuwa suna mutuwa a inuwa. Shamuwa suka zo, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma dai sun zo, don haka Baba ya karɓi kashi na farko ya yi binne. Aka yi wani ɗan ruwa da bai kai ya kawo ba, daidai wanda zai ta da iri daga barci. Ya tsiro, sai iska mai zafi ta taso da rairayi ta yi kwanaki tana kaɗawa, ta ƙone wanda ta ƙone, ta binne sauran. Bayan nan aka yi ruwa na gaske, kowa ya ce damina ta sauka, muka fita da kashi na biyu. Wallahi ban taɓa ganin tsiro mai kyan wannan ba, layi-layi, kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ɗaya, biyu, uku. Hadari ya haɗu da la'asar baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Ina kallo geron nan ya naɗe ganye, ya yi ja, ya kwanta.

Da ruwa ya dawo, Baba ya shiga ɗakin Iya ya durƙusa. Ina bakin ƙofa ina tankaɗe, duk na ji. Ya ce, "Iya, a taimaka a ba ni na ƙasan." Ta ce, "Wane na ƙasan?" Ya ce, "Iya, kin san dai gona babu komai." Ta ce, "Na sani. Na ba ka ɗaya ka ba rana, na ba ka biyu ka ba rana. In na ba ka na uku ita ma ta cinye, me zan ce wa uwata?" Ya ce ai kowa a garin nan ya koma sabon iri mai saurin nuna, ita kaɗai ta rage da wannan, in ba a shuka shi ba ina amfaninsa. Ta ce, "To ka ga dalili ke nan. Da akwai shi a gidan wani, da na ba ka." Gaskiya ta faɗa, don ko danginta na tsallaken iyaka da aka aika wa, cewa suka yi nasu ya ƙare tun shekarun baya. Baba ya tashi ya fita. Ranar Alhamis ya shiga mota ya tafi kasuwar Maigatari ya sayo irin zamani, muka shuka a karo na uku. Daga ranar na san duk abin da ya rage na geron Iya a duniya yana cikin tulu ɗaya, a ƙarƙashin gado ɗaya, a ɗakin da ya fi kowane ɗaki gangare a gidanmu.

Da marka ta kama, ruwan da muka roƙa ya zo gaba ɗaya kamar mai huce haushi. Rediyo ta yi ta faɗa cewa mutanen kwari su yi hattara. Na lura gindin bangon Iya ya fara tsotsar laima, ya yi duhu har kusan gwiwa. Na same ta tana kaɗi na ce, "Iya, mu tono tulun nan mu kai ɗakin Baba, can ya fi tudu." Ta dube ni ta saman ido ta ce, "Saboda me?" Na ce saboda ruwa. Ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. "Ruwa? A garin nan? Takwara, mu da muka yi wata muna kuka a ba mu ɗigo, yau kuma gudunsa za mu yi? Boko dai ya sa miki tsoron abinci." Na ce ai nan tsohon bakin tafki ne. Ta ce, "Tafkin da ya mutu tun kina wasan ƙasa? Ba a buɗe tulu sai sabo ya zo. Haka na tarar." Na koma wajen Baba, ya ce shi ba zai sake taɓa maganar tulun nan ba. Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun nawa shi ne abin da na kasa yafe wa kaina. Da fartanya a gidan, da hannu biyu a jikina, kuma Iya takan yi barcin rana.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar aka fara. Babu iska, babu wata tsawa mai yawa, ruwa ne kawai kamar da bakin ƙwarya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kafin la'asar sai muka ji wata ƙara daga saman gari, kamar garken shanu ya taso a guje. Ruwan jigawa ne. A da sabara da geza da saiwoyin itace ke tare shi ya nutse a hankali, yanzu babu abin da zai ce masa tsaya, sai ya tattaro kansa ya nufo tsohon gidansa. Ta ƙarƙashin ƙofa ya fara shigowa, ja, da kara da kashin awaki a kansa. Kafin Innata ta gama fitar da ƙannena ruwan ya kai ƙwauri. Baba ya ruga ɗakin Iya ya goyo ta, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta. Da suka zo wucewa ta gabana ta cafki hannuna, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba, ta ce, "Tulun! Takwara, tulun!"

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tsinci kaina a ɗakin, ruwa har cinya, sanyi kamar ƙanƙara, tabarma da ƙwarya suna yawo a kai. Na ture gadon na durƙusa, ruwan ya kawo mini wuya. Daɓen da Iya ta shekara tana bugawa ya zama kunu. Na zura hannu ina lalube har na taɓa bakin tulun. Lakar da aka liƙe shi da ita ta narke, sakainar ta tafi, ruwa ya riga ni shiga. Na ja, ƙasa ta riƙe shi. Na sake ja, bakin ya ɓalle a hannuna. Sai na fizge ɗankwalina na riƙe shi da haƙori, na riƙa cusa hannu ina damƙo abin da na samu, gero da toka da taɓo, ina zubawa. Na yi damƙa uku ko huɗu, sai na ji bango ya yi wani nishi. Wallahi nishi ya yi, irin na mutum. Ƙasa ta fara zubo mini a ka, azara ɗaya ta sauko ta daki ruwa dab da kafaɗata. Abin da na sani kawai wani ya damƙi gashina ya ja ni baya, muryar Baba tana cewa, "Uwata! Uwata, kashe ni za ki yi?" Ba mu kai tsakar gida ba ɗakin ya zauna. Bai yi wata babbar ƙara ba, zama kawai ya yi a cikin ruwa, kamar raƙumi ya durƙusa.

A ajin makarantar firamare da ke kan tudu muka kwana, mu da rabin gari. Kwana uku rana ba ta fito ba, babu inda zan shanya abin da ke cikin ɗankwalina. Wasu mutane suka zo a motoci, suka ɗauki hotonmu, suka raba tabarmi da bokitai, wani mai babbar riga ya yi jawabi ya ce mu riƙa dasa itatuwa mu daina gini a hanyar ruwa. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Allah ya saka, ɗan nan. Da ka zo tun kafin mu gina." A rana ta uku na kwance ƙullin, na tarar geron ya fasa, kowace ƙwaya da ɗan farin haƙorinta. Na kai wa Iya. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba. Tun da muka zo wurin ba ta ce uffan a kan tulun ba, sai a lokacin ta ce, a hankali, "Kin faɗa mini." Na ɗauka zan ji daɗin wannan maganar, amma wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Irin da ya tsiro ba ya komawa ajiya, ko a shuka shi ko ya ruɓe. Ga shi damina ta kusa tafiya, geron mutane wanda ruwa bai ci ba har ya fitar da kai. Na ce wa Baba ya sara mini a gefen gonarsa ta tudu. Masu wucewa suka tsaya suna kallo. Wani dattijo abokin wasan Baba ya ce, "Kai kuma shukar me ake yi yanzu? Ko ta baɗi ce ka fara tun yau don kada a riga ka?" Baba ya ce, "Gonar 'yar boko ce, ni lebura ne." Wurin bai fi faɗin ɗaki biyu ba. Na kewaye shi da ƙaya. Ruwa ya ƙara yi mana sau uku ya ɗauke, ya bar ni da gero iya gwiwa. Daga nan jarka ce, safe da yamma, daga famfo zuwa gona, har wuyana ya daina juyawa. Ruwan da ya rushe mana ɗaki, shi nake bin layi ina roƙo a bar ni in ƙara jarka ɗaya. Da kowa ya girbe nasa, tsuntsayen garin duka suka dawo kaina, don babu sauran kore sai nawa. A nan na ga amfanin gashin nan da Iya take yabo: su sauka, ya soke su a ido, su tashi. Da yawa bai yi ƙwaya ba, wani ya bushe a tsaye. Na yanke zangarniya goma sha tara, ƙanana, wasu ba su kai tafin hannu ba. Iya ta sa aka kawo mata faifai, ta murje su da kanta, ta kai hanci ta shaƙa. Duka-duka bai cika ƙoƙo biyu ba.

Baba ya yi wa Iya sabon ɗaki a sama kusa da zaure, na bulo da rufin kwano. Ranar da ta tare ta aika aka sayo sabon tulu, ta ce in kawo fartanya. Na ce a'a. Tunda nake ban taɓa ce mata a'a ba. Ta ce, "To a ina?" Na ce a rataye. Ta nuna kwanon da sandarta ta ce, "A nan? Inda ko man kaɗanya ba ya kwana da daskarewa? Kafin bazara ta fita kin soya shi." Gaskiyarta. Ƙasa ruwa, sama wuta. Muka zauna ni da ita muna kallon ƙoƙo biyu na gero, an rasa inda za a ajiye su a garin da aka shekara ɗaruruwa ana ajiye iri. A ƙarshe na zuba shi a tulun da toka, na liƙe, na ɗora a kan turmi a lungun zaure inda rana ba ta kaiwa. Kullum sai na je na taɓa shi. Idan hadari ya haɗu, kafin kowa ya tuna da shanya ni ina zaure, tulu a ƙirji.

Bana shamuwa biyu suka sauka a tsamiya. Ban sani ba ko sun san abin da suke yi, ko su ma al'ada ce kawai ta kawo su. Shekaranjiya aka yi ruwa mai ɗan dama, jiya da sassafe na ga Baba ya fito da sungumi, ya tona ƙasa da yatsa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya daɗe a tsaye. Sannan ya je ƙofar Iya ya gaishe ta, ya ce, "Iya, a shuka?" Ta juya fuska bango ta ce, "Ka tambayi mai tulu." Mutumin da bai taɓa tambayar kowa ranar shuka ba ya juyo ya dube ni ya ce, "Uwata, me bokonku ya ce?"

Bokonmu ya gaya mini dalilin da ya sa sama ta rikice. Bai gaya mini ko ruwan shekaranjiya na gaskiya ba ne. Na so in fashe da kuka, na so in yi ihu in ce ni ma ban sani ba, a je a tambayi masu hayaƙin. Amma ga shi tsaye da sungumi, ga ƙasa tana shan iska. Na shiga zaure na fasa lakar, na ɗebi cikin tafin hannu ɗaya, na mayar da sauran na liƙe. Na ce, "Layi biyu, Baba. In ya rayu mako biyu, mu ƙara biyu." Iya daga ɗaki ta ce, "Uku ake rabawa." Na ce, "Uku ba ta isa yanzu, Iya."

Muka tafi gona, shi a gaba yana sara, ni a baya ni kaɗai. Duk ƙwayar da ta zube a gefen rami, ina durƙusawa ina tsincewa ɗaya-ɗaya. Da muka kai ƙarshen layi na biyu Baba ya ɗaga sungumi zai ci gaba, don hannunsa ya saba, sai ya tuna, ya sauke shi a hankali. Muka tsaya a bakin gona mai faɗin da ido ba ya kaiwa, da layi biyu a cikinta, muna kallon sama. Babu ko gajimare ɗaya.